Daga Gombe zuwa bakin teku a Badagiri: hanya, ruwa da wuraren gani

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna son kai yara su ga teku a hutun Disamba. Mu shida ne, manya uku da yara uku, autansu shekararsa biyar. An ce mana Badagiri ta fi cikin Legas kwanciyar hankali kuma akwai wuraren tarihi. Don Allah masu sani su taimaka: ta ina ake bi daga Gombe, kwana nawa ya kamata a ware, kuma ruwan nan ana shigarsa kuwa?

Bappa Direba: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, ki sa a ranki tafiyar kwana biyu ce, zuwa kawai. Daga Gombe zuwa Badagiri ya haura kilomita 1,300. Duk wanda ya ce miki a shanye ta a zama ɗaya da yara a mota, bai yi miki adalci ba.

Ranar farko: Gombe zuwa Bauchi kimanin kilomita 155, Bauchi zuwa Jos kimanin 130, sai Hawan Kibo, Akwanga, Kafi, Abuja. A tashi bayan asuba, a shiga Abuja kafin magariba. Wurin da ake yin hattara shi ne gangaren Hawan Kibo. Mai motar kansa ya sauka da giya, kada ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, domin birkin zai yi zafi ya daina kamawa, kuma kada ya tsaya a gaban tirela mai kaya. A Disamba akwai hazo da sanyi a tsaunin Jos, don haka rigunan sanyin yara su kasance a jakar hannu, ba a cikin but ba.

Rana ta biyu ita ce doguwar. Abuja, Gwagwalada, Abaji, Koton Karfe, gadar Murtala, Lakwaja, Okene, Owo, Akure, Ilesha, Ife, Badun, sai Legas. Kimanin kilomita 750 ne, awa 11 zuwa 13 in hanya ta yi kyau. Motocin Legas daga Abuja suna lodi a Utako da Jabi, kuma ta farko ake nema, wadda za ta tashi wajen shida na safe. A yanki tikiti tun daren da aka sauka.

Ɗan Yelwa: Bappa, me ya sa ba za su hau babbar bas ta dare ba? Ka kwanta ka tashi ka gan ka a Legas, an huta da kuɗin masauki a Abuja.

Bappa Direba: Ɗana, kuɗin masaukin da za ka rage bai kai abin da ka saka a caca ba. Tsakanin Lakwaja da Owo daji ne da tsaunuka da kwanoni, in mota ta lalace da dare babu makanike babu mai taimako, ga maganar tsaro da kowa ya sani. Ga direban da ya yi wuni yana jiran lodi sannan ya kama sitiyari da barci a idonsa. Ɗan kasuwa shi kaɗai da jakarsa yana iya zaɓar haka, ransa ne. Mai iyali ya bi rana.

Kuma Hajiya kin yi dace da lokaci. A Satumba da Oktoba ruwan Neja kan cika, a 2012 da 2022 har ya datse hanyar a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Disamba babu wannan. Abin da ke akwai shi ne cunkoso a titin Badun zuwa Legas, musamman wajen Mowe inda ake manyan tarukan coci a farkon watan, da kuma makon Kirsimeti.

Adda Jummai: In aljihu zai ɗauka, jirgin sama ya fi da yaro ɗan shekara biyar. Daga filin jirgin Gombe na Lawanti ko na Bauchi, yawanci sai an bi ta Abuja kafin Legas. Amma a kula da abu ɗaya: hazon hunturu yana sa a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya a filayen Arewa. Kada a sayi tikiti biyu daban da tazarar awa biyu tsakaninsu, domin in na farko ya makara na biyu ya tafi da kuɗinku. A bar tazarar awa biyar aƙalla, ko a kwana. Wata hanyar kuma a raba: mota zuwa Abuja, jirgi zuwa Legas.

Hamma Usman Okoko: Duk abin da Bappa ya faɗa haka yake, sai dai ya tsaya a inda wahalar take farawa. Mutanenmu da yawa suna ɗauka in an iso Berger, wato mashigar Legas ta titin Badun, an iso. Daga tsakiyar Legas zuwa Badagiri kusan kilomita 60 ne, amma wannan sittin ɗin tana iya cin awa biyu, tana iya cin biyar. Saboda haka wanda ya shigo Legas bayan isha ya kwana a Agege ko Ikeja, ya ƙarasa da safe.

Hanyoyin shiga uku ne. Ta farko ta Mile 2, inda ake samun motocin Badagiri kai tsaye, su bi ta Trade Fair, Alaba, Iyana Iba, Okokomaiko, Ijanikin, Agbara, Oko Afo, Ibereko, har shataletalen Badagiri. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da wanda ya fito daga Arewa, ita ce kada a shiga cikin gari sam: daga Agege a yi Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, a fito Iyana Iba a bakin jami'ar jihar, a hau babban titin daga nan. An tsallake Oshodi da Mile 2 ke nan. Ta uku ta Sango Ota, Atan, Lusada, ta ɓullo Agbara. Wannan sai an tambayi direbobi halin da take ciki a makon, domin manyan motocin masana'antu suna cinye ta.

Lokaci kuma: da safe cunkoson yana fuskantar cikin Legas ne, ku kuma fita za ku yi, don haka ku tashi tsakanin bakwai da goma. Daga ƙarfe huɗu na yamma kowa yana komawa gida ta wannan titin, Iyana Iba zuwa Okoko kawai sai ta riƙe ku awa guda. Ranar dawowa akasin haka: kada ku baro Badagiri da asuba a ranar aiki, ku jira hantsi ko ku zaɓi Lahadi.

Maman Sadiƙ: Allah ya saka da alheri Hamma. Jirgin ƙasa fa? Yaran ba su taɓa hawa ba.

Hamma Usman Okoko: Akwai guda biyu da za su shiga lissafinku. Na Badun zuwa Legas, wanda aka buɗe a 2021, yana tashi daga Moniya, tafiyar kimanin awa biyu da rabi, kuma yana tsayawa a Agege. In kun kwana a Badun maimakon ku ƙarasa Legas da dare, sai ku hau na safe ku sauka Agege, ku bi hanya ta biyu da na faɗa. Moniya tana bayan gari ne, a ba ta lokacinta. Na biyu shi ne na cikin gari mai lantarki, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya fara aiki a Satumbar 2023. Ba a biya da tsabar kuɗi, sai da katin Cowry, ana saye a tashar a loda masa kuɗi.

Wani abin da ya kamata ku sani: daga Agbara zuwa gaba shingayen bincike sun yi yawa, saboda hanyar iyaka ce. Kwastan, 'yan shige da fice, 'yan sanda, sojoji. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa na ƙasa a aljihu. Ana yawan tambayar ɗan Arewa daga ina yake, domin ana ɗaukarsa baƙo daga maƙwabta, kati kuwa yana kashe maganar nan take. A dawowa kada ku yarda araha ta ja ku ku sayi buhun shinkafar waje ko daskararren kaji, ko wani ya ce ku riƙe masa kaya a mota. Za a sauke, za a ɓata muku wuni.

Malam Garba: Tunda an gama da hanya, bari in shiga abin da ya kai mutum can. Badagiri gari ne na Egun da Yarbawa, kuma yana bakin wani dogon ruwa ne mai kwanciya da ake kira lagun. Tekun kansa yana bayan wani siririn tudun yashi mai itatuwan kwakwar Attagara. Wato in kin tsaya a bakin ruwan cikin gari, abin da kike kallo ba teku ba ne tukuna, sai an haye.

Wuraren tarihin kusan duk suna kusa da juna a titin Marina na Badagiri, ana zagaya su da ƙafa ko da keke napep cikin rabin yini. Ga yadda ya fi kyau a jera su. A fara da gidan tarihin gwamnati, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, domin shi ne zai ba yara hoton labarin gaba ɗaya. Daga nan gidan kayan bayi na iyalin Mobee, inda ake ajiye da sarƙoƙin wuya da na ƙafa da makullin baki. Sai kurkukun bayi na Seriki Abass. Wannan shi ne wurin da ya fi taɓa zuciya. Ɗakuna 40 ne aka gina don tsare mutane kafin jirgi ya zo, 'yan kaɗan aka bari yadda suke, sauran zuriyarsa suna zaune a ciki. Shi kansa Abass an taɓa kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barazil, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Sarautar tasa ta Seriki ma daga kalmarmu ta sarki Yarbawa suka aro ta. Akwai kuma wurin kasuwar bayi ta Vlekete, da alamar da aka kafa a gurbin itaciyar Agia, inda aka fara wa'azin Kirista a 1842, da benen 'yan mishan na 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya.

Ɗan Yelwa: Malam tsaya nan. Bene na farko a Najeriya a 1845? To sorayen Kano da Zariya da Katsina fa? Hasumiyar Gobarau shekarunta nawa? Wannan ai cin fuska ne.

Malam Garba: Gaskiyarka, kuma masana da dama sun yi wannan gyaran. Magina a ƙasar Hausa suna ɗora soro a kan soro da tubali da azara tun kafin wani ɗan mishan ya taka wannan gaɓar, Gobarau kuwa ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Abin da za a iya faɗa ba gardama shi ne yana cikin tsofaffin benaye irin ginin Turawa da suka rage a tsaye. Amma ba sai an je an kafa musu da mai rakiya a gaban jama'a ba, abincinsa yake nema, abin da aka koya masa yake maimaitawa. A saurara, in an fito a yi wa yara bayani.

Abin da ya fi muhimmanci a gaya musu shi ne wannan tarihin namu ne mu ma. Mutum yakan je yana ganin labarin mutanen Kudu ne. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe an gangaro da su ta ƙasar Nufe da Oyo aka sayar a tashoshin wannan gaɓar, Badagiri da Legas da Porto-Novo da Wida, aka kai su Bahiya ta Barazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma a babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salbado, wanda aka yi cikin watan Ramadan, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka fito. Sannan Bature Clapperton, wanda ya je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga Badagiri ya kama hanyarsa ta biyu a Disambar 1825, ya rasu a Sakkwato a 1827. Hanyar Badagiri zuwa Sakkwato da gwamnati ta ƙaddamar da aikinta a 2024, fatake sun riga injiniyoyi saninta.

Adda Jummai: Malam, yaro ɗan shekara biyar ya dace a shigar da shi ɗakunan nan?

Malam Garba: A ganina a'a, Adda. Ɗakunan ƙanana ne, duhu, ga zafi, kuma masu rakiya sukan ɗora wa baƙo sarƙa a wuya don ya ji nauyinta. Manyan yaran za su amfana in sun kai shekara goma. Autan ya zauna a tsakar gida da babba ɗaya. Kowane gida kuɗin shigarsa daban, kuma wasu na iyali ne ba na gwamnati ba, don haka a yi ciniki tun a ƙofa: nawa ne mutum ɗaya, yara nawa, hoto da kuɗi ko babu, ladan mai rakiya yana ciki ko daban. A riƙe canji. Rigima kusan kullum daga abin da ba a faɗa tun farko ba take fitowa.

Injiniya Sale: Ni kan ruwan zan yi magana, domin tambayar Hajiya ta ƙarshe ita ce mai ɗauke rai. Amsa a taƙaice: a jiƙa ƙafa, kada a yi iyo.

Mu abin da muka sani shi ne Wikki a Yankari, ruwa garai-garai mai ɗumi kana ganin ƙasansa, ko dam ɗin Dadin Kowa, ko kogin Gongola da rani. Wanda ya iya ninƙaya a waɗannan bai iya teku ba. Gaɓar nan gangare ne da ita, yashin yana nutsewa da sauri, igiyar kuma tana fashewa daf da baki da ƙarfi. In ta bugo ta koma, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin tafin ƙafa. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, sai ya ji ƙasa ta gudu, ta biyu ta zo ta kayar da shi, komawarta ta ja shi ciki. Babbar riga, zani da dogon hijabi in sun jiƙe nauyinsu yana ninkuwa, suna naɗe ƙafa.

Abu na biyu shi ne magudanar da ke komawa cikin teku. Ruwan da igiyoyi suka tara a baki dole ya sami hanyar fita, sai ya haƙa wani siririn kwari a cikin yashi ya bi da gudu. Wurin nan a ido ya fi ko'ina kyau: igiya ba ta fashewa a wurin, ruwan ya fi duhu, ya yi luf. Shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Alamarsa, za a ga kumfa ko tarkace ko ruwa mai launin yashi yana tafiya ciki maimakon ya zo baki. Wanda ya tsinci kansa a ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare kafin na ruwan. Ya kwanta rigingine ya bar kansa ya taso, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe, wato ya bi tsawon gaɓar, har ya fita daga jan, sannan ya nufo baki. Waɗanda ke tudu kuma kada su faɗa su bi shi. A kira masunta, a jefa masa jarka rufaffiya ko wani abin da ke iyo. Sau da yawa mai ceto ne ake rasawa.

Dokar yara: ruwa iya idon sawu, hannunsu a hannun babba, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida shida, bambancin kimanin mita ɗaya. Tabarmar da aka shimfiɗa a busasshen yashi da hantsi tana iya shan ruwa da azahar. A duba layin da tarkace ya tsaya a kan yashi, a zauna a bayansa.

Ɗan Yelwa: To in ba za a shiga ba, mene ne amfanin kilomita dubu da ɗari uku? A je Yankari mana a huta.

Injiniya Sale: Yankari tana nan ba ta gudu ba. Amma yaron da bai taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gefen ba, ganin ma kaɗai ya isa. Mai son iyo ya nemi masauki mai kwamin wanka, akwai su a bakin lagun ta wajen Iworo da kuma hanyar Seme.

Hayewa zuwa tsibirin Gberefu kuwa, daga mashigar Marina ake hawa kwalekwale mai inji, 'yan mintuna ne. Kowa ya sa rigar kariya, a ɗaure igiyoyinta, ta yaro ta zama daidai jikinsa: a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, zai zame daga ciki. In babu ta yara, a jira wani jirgin. Kada a hau wanda ya cika har bakinsa ya kusa shan ruwa, kuma a yi ciniki zuwa da dawowa, a biya rabi, a karɓi lambar mai jirgin. Bayan an sauka akwai tafiyar ƙasa ta kusan rabin awa a kan hanyar da aka bi da bayi, a wuce wata tsohuwar rijiya da ake cewa an riƙa shayar da su ruwanta don su manta gida, har a isa wurin da ake kira inda ba a dawowa, a bakin teku. Inuwa kaɗan ce. A haye kafin tara na safe, a ɗauki ruwan sha lita ɗaya da rabi kowane mutum, a dawo kafin la'asar sakaliya. Ba a hawa ruwa da duhu.

Nas Hauwa: Ƙari kan lafiya. Zafin can ba irin namu ba ne. A Gombe gumi yana bushewa, can iska cike take da laima, gumi yana zuba jiki bai huce ba. Ku da za ku fito daga hunturu za ku fi ji. Kayan auduga marasa nauyi, hula, da shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba. Kayan da aka wanke ba sa bushewa a dare ɗaya, a ɗauki ƙari. Sauro yana nan duk shekara saboda lagun da fadamu, a tafi da gidan sauro ko da masauki ya ce yana da fanka. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can ko cikin mako biyu bayan dawowa, a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani.

Abin da ya fi kama yara shi ne gudawa, daga sauyin ruwa da manja da barkono. A sayi fakitin gishiri da sukari na kemis guda goma da ƙwayar zinc. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kifi da jatan lande da ƙaguwa a ci wanda aka gasa ko aka dafa a gabanku da zafinsa. Wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya ɗanɗana kaɗan ya jira, wasu jikinsu ba ya karɓa: ƙaiƙayi, kumburin leɓe, in numfashi ya fara wuya a nufi asibiti nan take. Ruwan ɗanyar kwakwa kuwa a sha a more, a sa a fasa a gabanku.

Ustaz Bello: Tunda an ambaci ƙaguwa, na san za a tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, kuma ruwan teku yana tsarki, ana alwala da shi. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Naman tudu ne abin tambaya, domin a yankin akwai masu cin alade. A nemi mahautanmu, suna nan a kasuwa, ga masallatai a cikin gari. Kasaru za ku yi tun daga fita Gombe, kuma in ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Badagiri ba kuna ci gaba da ita. Agogo ɗaya ne amma lokacin salla ba ɗaya ba: garin yana yamma da Gombe sosai, rana tana faɗuwa kimanin rabin awa bayan tamu, don haka a gyara wurin zama a manhajar waya, kada a yi magariba da lokacin gida. Alƙibla a bakin ruwa ba ta da wuya. Tekun yana kudu, ku sa shi a hannun dama, ku ɗan karkata hagu.

Mutanen garin suna da dodonninsu na gargajiya, Zangbeto, masu kama da tarin ciyawa. In an ci karo da su a ba su hanya, kada a ɗaga waya sai an nemi izini. In mai masauki ya ce yau ba a fita da dare, musamman mata, a ji maganarsa.

Maman Sadiƙ: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Maigidan yana tambaya ko za a iya leƙa Kwatano tunda an zo kusa.

Hamma Usman Okoko: Ana iyawa, in an shirya tun daga gida. Badagiri zuwa iyakar Seme kimanin kilomita 20 ne, daga nan zuwa Kwatano bai fi 35 ba. Ba a buƙatar biza, amma kowa har autan sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka ba a bakin iyaka ake nemansa ba. A bi ta ofis a buga hatimin fita da na shiga. Za ku ga 'yan acaɓa suna cewa za su zagaya da ku ta bayan gari ba tare da takarda ba. Shiga tana da sauƙi, a fitowa ne ake gane kuskuren, don babu hatimin da zai nuna yadda aka shigo. Motar gida a bar ta a masauki, hayewa da ita sai da takardar izini da inshorar ƙasashen yankin. A canji sefa a bakin iyaka, a ƙirga a gaban mai canji kafin a miƙa naira. Akwai Zango a Kwatano, Hausa za ta fisshe ku, sauran gari Faransanci ne.

Sai dai a yini ɗaya ba za ku haɗa komai ba. Wida tana gaba da Kwatano da kimanin kilomita 40, can ne ƙofar tunawa da bayi da aka gina a 1995 da ɗakin mesa. Ganbiye, garin da ke kan ruwa, ta Kalabi ake hawa jirginsa. Ko wannan ko wancan, ko a kwana.

Bappa Direba: Lissafin kwanaki ke nan Hajiya: biyu zuwa, safiyar ta uku ku shiga Badagiri ku huta, ta huɗu gidajen tarihi, ta biyar Gberefu da safe da bakin ruwa na Suntan da yamma, biyu dawowa. Bakwai ke nan. In da Kwatano, tara. Kuɗin mota kuwa a kira tasha ana jibi tafiya, domin yana bin farashin mai, kuma daga 20 ga Disamba yana tashi. In da motarku za ku je, kafin tashi a duba taya har da safaya, birki, ruwan lagireto da bel, a ɗauki takardun mota na asali. In an dawo a kai ta a wanke ƙarƙashinta da ruwa mai ƙarfi, iskar gishiri tana cin ƙarfe.

Adda Jummai: Masauki kuma kada a tura kuɗi don an ga hoto a Facebook. A sa wani na can ya je ya duba ruwa da wuta da gidan sauro, ko a biya kwana ɗaya tukuna. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara bakin ruwan yana cika da kiɗa da shaye-shaye, in kuna son wurin da yara za su sake ku je ranar aiki, kafin 20 ga wata.

Maman Sadiƙ: To mun tsayar da mako na biyu na Disamba in Allah ya kai mu, ranar da aka ba da hutu. Kwatano sai wani karon, fasfon yaran bai fito ba. Hamma Usman, motocin Igando zuwa Iyana Iba suna ɗaukar manyan jakunkuna, ko shata za mu yi daga Agege?

Hamma Usman Okoko: Ku shida da kaya, shata. A danfo sai kun sauya mota sau uku kuma za a caje ku kuɗin kujera kan kowace jaka. Ku yi ciniki har ƙofar masauki a Badagiri, ba shataletale ba, ku kuma faɗa masa tun farko cewa abin da za a bayar a hanya yana cikin kuɗinsa.